Ku Tambayi Kawu: Baka, Tsirkiya da Kibau

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru a kan maganar baka da kibiya sun yi yawa a wannan karon, mafi yawa kau daga Katsina da Daura suka fito, sai na ga gara in ware masu fili guda. Waɗanda tambayarsu ta zo iri ɗaya na haɗe su, wanda bai ga tashi ba ya yi haƙuri ya duba amsar ɗan'uwanshi.

TAMBAYA: Salam Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan cikin birnin Katsina wajen Ƙofar Sauri. Na ga masu sassaƙa baka a YouTube abin ya shiga raina, sai na sari reshen bedin ƙofar gidanmu na fere shi na ɗaura igiya, ranar farko ya yi harbi lafiya lau amma bayan kwana biyu ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, na sake saro wani na shanya shi a rana ya bushe shi kuma ina ja sai ya karye har tsinke ya kusa shiga mani ido. Dan Allah mi nike yi ba daidai ba, kuma wane icce kakanninmu ke yin baka da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, mun gode Allah da idon ya tsira, Allah ya kiyaye gaba. Bakunan naka biyu kowane da ciwonshi. Na farko ɗanye ne, icce mai ruwa in ka lanƙwasa shi naman cikinshi murƙushewa yake ya zauna a haka. Na san za ka ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne in so kake ya tanƙwaru ya tsaya, amma shi baka so ake ya tanƙwaru ya dawo da ƙarfi, dawowar nan ita ce harbin. Na biyu kau rana ce ta kashe maka shi, ta busar da waje ta bar ciki da ruwa sai ya tsattsage ta inda ido ba ya gani, kuma ina kyautata zaton da kana ferewa ka bi shi da wuƙa ta kowane gefe, wanda wannan kaɗai ma ya isa ya karya shi.

Maganar icce, ka nemi dargaza, ita ce ke da danƙo da jurewa lanƙwasa, sai ɗunɗu, sai gora in ka samu mai kauri wadda ta nuna sosai. Bedi baƙo ne a ƙasar nan, zamanin Turawa aka kawo shi, asalinshi daga wajen Indiya, ba shi cikin itatuwan da maharbanmu suka gada. Kuka da rimi da zogale kada ma ka ɓata lokacinka, ba su da nama. Kuma dan Allah kada ka ce za ka shiga daji neman dargaza a wannan halin da ake ciki, ka je wurin masu sassaƙa ƙotar fartanya ko masu saida sanda a kasuwa irin ta Charanchi ko Mai'aduwa ka gaya masu abin da kake so, su sun san masu kawo masu kaya.

Ka zaɓi miƙaƙƙe, wanda ya ɗan fi sandar makiyayi kauri, tsawonshi in ka kafa a ƙasa ya kawo maka kafaɗa ko haɓa, wajen ƙafa 5 ke nan, haka bakunanmu na da suke. Ka duba ɓawon, in ya murɗe kamar igiya to naman ma a murɗe yake, bar shi. Kada ka ɗauki mai gurbin reshe babba a inda zai lanƙwasa. Da an saro shi ka toshe bakin saran duka biyu da kakin zuma ko kyandir ko fenti, ka rataye shi a zaure cikin inuwa, sama da ƙasa saboda gara, nesa da iskar hunturu domin ita ma tsaga icce take. Wata 6 shi ne mafi ƙaranci, shekara ta fi. In kana son ka tabbatar ya bushe ka riƙa kai shi ga sikelin mai shago duk mako kana rubuta nauyin, ranar da ka ga ya daina raguwa mako biyu ukku a jere to ruwan ya ƙare.

To ga inda mafi yawan samari ke faɗuwa. Baka yana da baya yana da ciki. Bayan shi ne gefen da ke kallon abin da za ka harba, cikin kuma shi ke kallonka. In ka ja, bayan miƙewa yake, cikin kuma matsewa yake. Don haka bayan nan ɓawo kawai za ka cire a hankali, kada wuƙa ta taɓa namanshi ko da ƙwarzane, duk inda ka yanke zaren icce a baya nan zai fara ɗagowa watarana ya tashi da kai. Duk ragin da za ka yi daga ciki ne da gefe da gefe, tsakiya inda za ka riƙe ta fi kauri, kana tafiya kana sirantawa har zuwa ƙarshe biyu.

Gizago na farko ne kawai, a fitar da siffa. Daga nan sai kankara. Akwai wani tsohon maharbi a wani ƙauye wajen Mashi da na zauna kusa da shi yana wannan aiki, da fasasshiyar kwalba yake yi, ya ɗora iccen bisa cinya ya ja kwalbar sau biyar shida, abin da ke fita siriri kamar gashin masara, sai ya tashi ya kafa kan bakan a ƙasa ya danna tsakiya da tafin hannu ya karkata kai yana kallon yadda ya lanƙwasa, inda ya ga ya ƙage ya shafa mashi gawayi, inda ya ga ya fi sauran lanƙwasa ya zagaye shi da alama kada hannu ya sake zuwa wurin, ya zauna ya kankare inda gawayin yake kaɗai, ya sake tashi. Haka ya wuni, tashi da zama. Akwai dalili kau. In ka ninka faɗin icce biyu ƙarfinshi biyu zai ninka, amma in kaurinshi ka ninka biyu, ƙarfin sau 8 zai ninka. Ka ga ke nan ɗan abin da ka kankare daga kauri ba ɗan kaɗan ba ne a wurin baka, kuma abin da ka cire ba ya komawa. Abin da ake nema shi ne hannun sama da na ƙasa su lanƙwasa daidai da juna, ko'ina ya ɗauki rabonshi na wahala, in wuri ɗaya ya karye gwiwa shi kaɗai to nan ne kabarin bakan.

In da ɗan karkata a jikinshi ka shafa man kaɗe a wurin ka gasa bisa garwashi, ba harshen wuta ba, kana juyawa har ya yi zafin da ba ka iya riƙewa da hannu, sai ka miƙar da shi a gwiwa da tsumma ka riƙe har ya huce, ka bar shi kwana biyu kafin ka sake lanƙwasa shi. Kuma sabon baka ba a ja mashi gaba ɗaya rana ɗaya, kaɗan kaɗan ake koya mashi, yau taƙi guda gobe a ƙara. Abu na ƙarshe, kada ka taɓa ja ka saki ba kibiya a kai, ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi cikin iccen zai koma.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Daga Daura nike rubuto maka. Kakanmu maharbi ne, Allah ya yi mashi rasuwa tun ina yaro, kwanan nan muna gyaran ɗakinshi muka samu bakanshi da kwari cike da kibau amma tsirkiyar ta tsinke. Ina son in sa mashi sabuwa in gwada, da mi ake yin ta?

AMSA: Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta. Malam kafin komi, kibau ɗin nan kada kowa ya taɓa kansu da hannu, musamman in ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya daskare a wuyan ƙarfen. Dafi ne, kuma yana iya shekaru masu yawa bai mutu ba, ƙwarzane kaɗan ya isa ya jawo babbar magana. Ka ɗauke kwarin yadda yake ka kulle inda yara ba su kaiwa, ka nemi sarkin bakan yankinku ko wani dattijo cikin maharba ya zo ya duba, su suka san yadda ake yi da irin wannan.

Shi kuma bakan, shawarata kada ka ɗana shi. Iccen da ya yi shekaru a ajiye ya bushe fiye da ƙima, wataƙila ma ƙwaro ya huda cikinshi, ja ɗaya za ka yi ka rasa abin da ba ka iya sayowa a kasuwa. Ka goge ƙurar, ka shafa mashi man kaɗe kaɗan, ka rataye. Amma ka auna shi tsaf, tsawo da kaurin tsakiya da na ƙarshe, ka duba yadda aka yi wurin ɗaurin tsirkiya, ka sassaƙa sabo a kan wannan awon. Wallahi abin da ke hannunka ya fi duk wani bidiyo da za ka kalla.

Tsirkiya da fata ake yi, ɗanya wadda ba a jeme ba, da can ta namun dawa, yanzu ta akuya ko ta sa ma ta yi. Ana kankare gashin, a yanka ta zagaye zagaye daga gefe zuwa tsakiya don a samu tsiri ɗaya dogo ba haɗi, a jiƙa ya yi laushi, a ɗaure kai ɗaya a reshe a rataya dutse a ɗaya kan, a yi ta murɗawa har ta zama kamar igiya, sai a bar ta ta bushe a inuwa da nauyin a jikinta, bayan nan a murza mata mai. In ba ka iya yankan ba kai wa baduku, minti kaɗan zai fitar maka. Aibinta ɗaya, ba ta son damina, da ta sha raɓa sai ta saki. Igiyar nailan ta shanya kau miƙewa take kamar roba tana cinye ƙarfin harbin, in dole sai zaren zamani to ka samu na ɗinkin takalmi mai ƙarfi ka haɗa sili da yawa ka murɗa ka shafe da kaki. In ka ɗana, tsakanin tsirkiya da mariƙi kada ya wuce dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kuma duk ranar da ka gama harbi ka kwance ta, baka ba ya kwana a ɗane.

TAMBAYA: Kawu da mi ake haɗa dafin kibiya? Na ji ana cewa kwankwani, yaya ake dafa shi?

AMSA: Sunan da ka ji gaskiya ne, kwankwani shi ne uban dafin kibiya a ƙasar Hausa, kuma zuciya yake kamawa ya tsayar da ita. Iyakar abin da za ka ji daga gare ni ke nan. Yadda ake haɗawa ba zan rubuta ba, ko a nan ko ta waya, su kansu maharban da suka gada ba su yin shi cikin gida, ba su kuma koya wa wanda ba su san halinshi ba. Mai son koyon harbi buhu zai harba, buhu kau ba ya buƙatar dafi.

TAMBAYA: Kawu mu mutanen ƙauye ne yamma da Katsina, ka san halin da muke ciki da ɓarayin daji. Wasu samarinmu na cewa mu koma ga baka da kibiya kamar kakanni, ai da su aka ci yaƙi. Mi ka gani?

AMSA: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Samarin ba su yi ƙarya ba ta fuskar tarihi. A Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, 'yan baka ne suka tsaya suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa. Amma wancan yaƙi ne na doki da mashi da takobi. Ku dubi abin da ya faru kusan shekara ɗari bayan nan a Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh wanda ya jagoranci sojan Turawa, duk da haka a wannan ranar garin ya faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, kuma waɗannan mazaje ne da suka tashi da baka a hannu tun suna yara. Bindigar da ke hannun ɓarayin yau ta fi ta wancan lokacin sauri, tana kuma kaiwa inda kibiya ba ta ko kusa. Ba zan iya ce ma ɗan wani ya tari AK47 da icce da kyauro ba, in na faɗi haka na ci amanarku. Duk abin da za ku yi na tsaron gari ku yi shi tare da mai gari da hakimi da jami'an tsaro, kada yara su yi gaban kansu.

TAMBAYA: Kawu barka da ƙoƙari. Ni uwa ce a Ƙofar Ƙaura, yarona ɗan shekara 12 ya dame ni shi sai an yi mashi baka, babanshi ya ce wannan aikin 'yan tauri ne da 'yan farauta ba na ɗan makaranta ba. Ni kuma tsoron ido nike. A bar shi ko a hana?

AMSA: Hajiya tsoronki a kan hanya yake, na maigida ma na gane inda ya dosa, ba ya son yaro ya bi ayarin da zai raba shi da karatu. Amma a gaya mashi cikin ladabi harbi kanshi ba abin ƙyama ba ne. A Sahihu Muslim, Uƙbatu bin Amir ya ce ya ji Manzon Allah (SAW) bisa mumbari ya karanta ayar Suratul Anfal mai cewa a yi tanadin ƙarfi, sai ya ce ku saurara ƙarfi shi ne harbi, har sau ukku. A Bukhari kuma ya wuce wasu mutanen Aslam suna gasar harbi ya ce ku yi harbi 'ya'yan Isma'ila, babanku maharbi ne. Sa'adu bin Abi Waƙƙas da harbi aka san shi.

Addinin da ya kwaɗaitar shi ne kuma ya kafa sharuɗɗa, su nike so yaron ya haddace kafin ya taɓa tsirkiya. An hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. An ce wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe kawunansu kada ya ji wa wani. An kuma la'anci mai kafa abu mai rai yana koyon harbi a kanshi, to kaza da ƙadangare da kyanwar maƙwabta sun fita ke nan.

Ni abin da na gani a bar shi, amma da ido a kanshi. A yi mashi ƙaramin baka mai laushi na gora wanda zai iya ja ba ya cije baki, kibau na kyauro ba ƙarfe, a sa masu kan icce mai dunƙule ko a naɗe da roba. A cika buhu da tsumma ko ƙaiƙayi a jingine ga katangar da ba ƙofa ba taga, ya tsaya taku 10, duk mai kallo yana bayanshi, kuma ba a zuwa ɗauko kibiya sai an aje baka a ƙasa. Kada ya harba sama ko sau ɗaya, wadda ta hau sai ta sauko kuma ba ta zaɓen kan da za ta faɗa. Kibiyar ta fi tsawon janshi da kamar yatsa ukku don kada ta zamo ta soki hannun da ke riƙe da baka, kuma kullum a duba ta, mai tsaga a karya ta a yar. In an gama ke za ki amshe ki aje, ba fita da shi unguwa, yanzu zamani ne da ganin yaro da makami a titi kan jawo abin da ba a shirya ba. In da hali babanshi ya zauna da shi ranar farko, ina ganin kafin la'asar shi ma zai ce a ba shi ya gwada.

TAMBAYA: Kawu na kalli gasar Olamfik na ga kibansu da fiffike a gindi, namu kau babu. Kakanninmu ba su san wannan dabarar ba ne? Daga wani malamin makaranta a Dutsin-ma.

AMSA: Malam buƙata ce ta bambanta. Su can mita 70 suke tsayawa, faifan da suke harbi faɗinshi santimita 122, tsakiyar da ke ba da maki 10 kuma ba ta fi tafin hannu ba, a wannan nisan in ba fiffike kibiya lilo za ta yi ta yi a iska. Mutanen Koriya ta Kudu su suka riƙe wannan fage, ƙungiyar matansu tun 1988 har 2024 ba a amshe zinare daga hannunta ba. Maharbinmu kau aikinshi sanɗa, ya matso kusa da nama sannan ya saki, kibiyarshi gajera ce, wajen ƙafa 2, jikinta kyauro marar nauyi, kanta ƙarfe da maƙeri ya fitar ma kunnuwa don in ta shiga kada ta fita, nauyin nan na gaba shi ke jan ta ta tafi a miƙe a ɗan nisan da ake buƙata, sauran aikin kuma dafi ke yi. Sannan kibiya marar fiffike ta fi saurin yi, ta fi shiga kwari da yawa, wanda a fagen yaƙi ba ƙaramin abu ba ne.

In kai buhu za ka harba daga nesa to sa fiffiken, zai taimake ka. Ka samu gashin fiffiken zabo ko na talotalo guda ukku, duka daga fiffike ɗaya, na dama ko na hagu, in ka gauraya za su yi ta faɗa da juna a iska. Ka tsaga kowane biyu ta tsakiyar ƙashin, ka yanke tsawon yatsa, ka manna su da gam a tazara daidai kusa da gindi, ka naɗe gaba da baya da zare. Bakin gindin inda tsirkiya ke shiga shi ma ka naɗe shi tam da jijiya ko zare, domin kyauro ta nan yake fara tsagewa.